A Kwance Ake Ba Su

Ranar da aka kawo Kurciya gidan kula da yara masu naƙasa, ubanta ne ya saɓo ta a kafaɗa, uwarta na biye da jakar kaya, kowannensu ido a ƙasa kamar waɗanda suka zo mayar da kayan aro. Shekararta takwas, amma jikin bai fi na 'yar shekara huɗu ba. Wuya ba ya tsayuwa, hannuwa a dunƙule, ƙafafu a harɗe. Ba ta magana, sai wani ɗan kuka mai daɗi da take yi a maƙogwaro idan ranta ya yi fari, shi ya sa kakarta ta laƙaba mata wannan suna. Kakar ce ta riƙe ta tun tana cikin zani. Da hawan jini ya kayar da tsohuwa, ɓarin jikinta ya shanye, sai yarinya ta dawo hannun iyayenta, su kuwa ba su daɗe da ita ba suka fara cigiyar inda za su kai ta.

Shugabar gidan ta karɓe su a ofishinta mai sanyi, bango cike da takardun shaida a cikin gilashi.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji ta. "Nan ma gidanta ne. Ma'aikatanmu ƙwararru ne, ba su da wani aiki sai wannan."

Uban ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka sauke wa buhu daga ka. Uwar kuma ta matso bakin kujera, ta ce da ƙaramar murya, "Ranki ya daɗe, kakarta ta ce in faɗa muku, in za a ba ta abinci..."

"Haba ke kuwa!" mijin ya katse ta. "Mutanen da suka yi karatun abin za ki koya wa aikinsu? Kada ki ba mu kunya mana."

Ta haɗiye sauran maganar. Da ta ƙarasa ta, wataƙila da ban zauna rubuta wannan labari ba.

Ƙwararrun da ake faɗa su biyu ne a ɗakin da aka kai Kurciya. Babbar ita ce Anti Sauri, wadda ta samu sunan saboda ba ta buɗe baki ba tare da ta ce a yi sauri ba. Ƙaramar kuma har yanzu Sabuwa ake ce mata, ko da yake ta kwana biyu a gidan. Shara ta zo nema. Tana cikin sharar wata mai reno ta ajiye aiki, sai aka karɓe tsintsiya daga hannunta aka miƙa mata farar riga. Karatun da aka yi mata bai wuce tambaya ɗaya ba.

"Kin taɓa haihuwa?" Anti Sauri ta tambaye ta.

"Uku gare ni, Anti."

"To kin iya aikin. Sauri kawai za ki ƙara."

Ɗakin dogo ne, gadajen ƙarfe masu shinge a jere hagu da dama, katifu a cikin leda, fanka ɗaya tana juyi da kuka. Yara sun haura goma, kuma yawancinsu ba sa iya zama da kansu. Akwai doka guda da kowa ya sani ba sai an rubuta ba: yaron da ba ya zama ba a zaunar da shi. Shekarun baya an taɓa ɗora wani a kujera ya sulale ya fasa baki, iyayensa suka tayar da ƙura har sai da Shugaba ta sha kunya. Tun ranar ta kwashe kujerun ta kulle a ɗakin ajiya. Wanka a kwance, canjin kaya a kwance, abinci ma a kwance. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, amma ba wanda ya sani.

Da rana ta yi aka turo keken abinci. Mai girki ba ta jira, tana da nata lokacin wanke tukwane da rufe kicin, saboda haka kafin ta dawo dole kowane kwano ya zama fanko. Anti Sauri ta ɗauki layin dama, Sabuwa ta ɗauki na hagu. Kurciya na gadon ƙarshe, rigingine, tana bin sabuwar fuskar da ido.

"Sannu baƙuwa," in ji Sabuwa. "Wannan ido haka, ai sai ki sa in manta hanyar gida. Buɗe baki in gani."

Kurciya ta yi ɗan kukan nan nata, ta buɗe baki. Cokalin farko ya shiga. Na biyu ya bi shi kafin na farkon ya wuce. A na uku sai ta ƙware, ta kama tari, fuska ta yi ja, hawaye ya gangaro ta gefen ido ya shiga kunne. Sabuwa ta tsorata, ta ajiye kwanon.

"Anti, ta ƙware!"

"Duk haka suke yi," Anti Sauri ta amsa daga can ba ta ko waiwayo ba. "Kaurin ne ya yi mata yawa. Ƙara masa ruwa ya wuce da sauƙi."

Sabuwa ta ƙara ruwa, ta dama, ta ci gaba. Abinci ya riƙa wucewa da sauri kuwa, har ta ji daɗi. Inda yake wucewa ne ba ta sani ba, kuma ba ta da wanda zai gaya mata.

Kada wani ya ce Sabuwa muguwa ce. Wallahi ta so yarinyar nan. Ita ke taje mata kai, ita ke shafa mata mai a gwiwar hannu inda leda ke cinta, in ta zo wucewa da bokiti sai ta tsaya ta ja mata ɗan yatsan ƙafa. Kurciya kuma in ta ji takunta sai ta fara kukan murna tun daga nesa. Sai dai sau uku a rana wannan hannu da ke shafa ta shi ke zuwa da kwano, kuma sau uku a rana sai ta yi tari har jijiyar wuyanta ta tashi.

Tarin ya daina tsayawa a lokacin abinci. Ya koma bin ta har bayan an kwashe kwanuka, da wani ƙarar ruwa-ruwa a ƙirji. Sannan zazzaɓi ya zo. Sabuwa ta je ofis ta faɗa, aka ba ta kwalbar maganin tari da ƙwayar zazzaɓi, aka ce sanyin fanka ne, a lulluɓe ta. Zazzaɓin ya sauka, ya yi kwanaki, ya dawo. Wuyan rigarta ya fara yi mata yawa.

Daga nan Kurciya ta fara gudun cokali. Da ta ji ƙarar keken abinci sai ta datse haƙora, ta karkatar da kai iya ƙarfin wuyanta, idanun nan su cika da tsoro. Ba ta da bakin da za ta ce abincin nan shaƙe ni yake yi. Abin da take da shi ke nan, kuma shi aka kira taurin kai.

"An sangarta ta a gida," in ji Anti Sauri. "Ba ni nan ki ga aiki."

Ta ɗauko wani babban sirinji da aka cire wa allura, ta zuƙo abincin da ya koma kamar ruwa, ta toshe wa yarinyar hanci da yatsu biyu. Da Kurciya ta buɗe baki neman numfashi, sai ta matsa mata shi a kumatu. Yarinya ta haɗiye, ta shaƙe, ta yi ta harba ƙafafunta da ba sa miƙewa.

"Anti, don Allah a hankali," in ji Sabuwa.

"A hankali? In ba ta ci ba ta mutu, wa za a kama? Ke ko ni? Da yunwa ta kashe ta gara ta yi kuka ta ƙoshi. Karɓi, haka za ki riƙa yi mata."

Sabuwa ta karɓa. Ta riƙa yi tana ba ta haƙuri, tana cewa saura kaɗan, saura kaɗan. Tun daga ranar Kurciya ba ta ƙara yi mata kukan murna ba. In ta ji takunta sai ta rufe ido.

A cikin wannan hali ne labari ya zagaya cewa wata ƙungiya ta shirya horo na mako guda ga masu renon yara irin waɗannan, kuma an ba gidan gurbin mutum biyu. Akwai masauki, akwai abinci, akwai ɗan abin sawa a aljihu. Sabuwa ta yi ta maza ta shiga ofis, ta durƙusa.

"Ranki ya daɗe, na ji an ce za a koyar da aiki. Ko da ba a ba ni komai ba, ina so in je. Akwai yarinyar da ban gane kanta ba."

Shugaba ta dube ta da tausayi na gaske, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

"Ke yanzu in kin tafi, wa zai ciyar da su? Ku biyu ne fa a ɗakin. Sannan da Turanci ake yin abin, za ki je ki zauna kamar gunki. Za mu tura masu iya rubutu, in sun dawo su koya muku. Ai duk ɗaya ne."

Masu iya rubutun su ne Sakatariya, 'yar ƙanwar Shugaba, da mai kula da ɗakin ajiya, wanda bai taɓa riƙe cokalin yaro ba tun da uwarsa ta haife shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Suka tafi, suka dawo da jaka mai tambari da riguna masu rubutu a ƙirji, aka ƙara takardun shaida biyu a bango. Sabuwa ta tare Sakatariya a baranda ta tambaye ta yaushe za a koya musu.

"Sai Shugaba ta sa rana," ta ce, idonta a kan waya. "Abubuwan da yawa, ba a tsaye ake faɗa ba."

Ranar ba ta zo ba. Wani mako aka ce ana jiran baƙi, wani mako aka ce Sakatariya na mura.

Wata ranar ziyara iyayen Kurciya suka zo, wannan karon har da kakar a keken guragu, domin ta hana kowa sakat a gida sai an kawo ta. Sun yi rashin sa'a, ko kuma sa'a, suka shigo daidai lokacin abinci. Tsohuwa ta hango jikarta rigingine, sirinji a baki, sai ta saki wata ƙara da ta sa duk ɗakin ya waiwayo. Bakinta ya karkace, maganar na fita da ƙyar, amma kowa ya ji ta.

"Ku ɗaga ta! Ku ɗaga min ita!"

"Mama, yi haƙuri," ɗan ya sunkuyo yana raɗa mata. "Haka tsarinsu yake. Sun fi mu sani."

"Ba ni ita."

Ba yadda ya iya, ya ɗauko yarinyar ya ɗora mata a cinya. Tsohuwa ta jingina ta a ƙirjinta, ta tokare ta da kafaɗar da ta mutu, ta duba cikin kwanon ta ture shi. Surukarta ta fito da ayaba daga jaka, ta murƙushe ta da cokali. Da hannunta ɗaya mai rai kakar ta ɗebo ɗan kaɗan a bakin cokali, ta taɓa leɓen yarinyar, ta jira.

"Ƙawata," ta ce, "kin rame kin bar ni da ƙiba. Ci mana, kada a ce na fi ki kyau."

An daɗe kafin Kurciya ta buɗe baki. Ta karɓa, ta juya shi a harshe, ta haɗiye. Kakar ba ta ƙara ba sai da ta ga maƙogwaron ya motsa ya tsaya. Sabuwa na tsaye da sirinji a hannu tana kallo. Rabin ayaba yarinyar ta ci, ba ta yi tari ko sau ɗaya ba.

"Rabin ayaba," Anti Sauri ta ce a hankali, yadda Sabuwa kaɗai za ta ji. "Ni kuma na gama layina kaf. In haka za mu yi, sai na safe ya kai mu dare."

A bakin ƙofa uwar ta riƙo hannun rigar mijinta. Sabuwa na goge ƙasa kusa da su, ta ji komai.

"Mu tafi da ita. Ka ga yadda ta koma? Ƙirjinta fa kamar ana tafasa ruwa."

"Mu kai ta ina? Ni ina wurin aiki, ke kina wurin aiki, ga cikin da ke jikinki. Mama kanta ɗaukarta ake yi. Bene hawa uku, wa zai riƙa hawa da sauka da ita? Rama kuwa ai baƙunta ce, za ta saba."

"To ka yi musu magana su riƙa zaunar da ita."

"In na fara gaya musu yadda za su yi aikinsu, su ce in ɗauki 'yata, sai mu yi yaya? Kin san wahalar da na sha kafin a ba mu gadon nan? Ki bar wa Allah."

Uwar ta share ido da bakin mayafi. Aka mayar da Kurciya gado, aka tura tsohuwa waje tana waiwaye tana kiran ƙawarta.

Washegari Sabuwa ta yi niyyar gwada abin da ta gani. Ta faki idon Anti Sauri, ta tattaro filo biyu, ta jingina Kurciya da kan gado, ta bar abincin da kaurinsa. Amma kakar ta yi shekara takwas tana koyon jikin nan, ta san inda ake tokarewa da inda ake saki. Sabuwa kallo ɗaya ta yi. Tana juyawa ta ɗauko cokali, jikin yarinyar ya sanƙare, ta sulale gefe, goshinta ya daki ƙarfen gado. Nan take wurin ya kumbura ya fashe.

Shugaba da kanta ta shigo ɗakin, abin da ba ta cika yi ba.

"Wa ya ce ki zaunar da ita?"

"Ranki ya daɗe, jiya na ga kakarta..."

"Kakarta ce ta ɗauke ki aiki? In ubanta ya zo ya ga goshin nan me zan ce masa? Tari ba ya barin tabo, amma wannan kowa zai gani. Ki ƙara, ki ga in ba ki koma gida kin zauna da 'ya'yanki ba."

Sabuwa ta tuna 'ya'yan nata uku da babu mai ciyar da su sai ita. Ta kwantar da Kurciya, ta ɗauko sirinji.

Daga nan abin ya riƙa gangarawa. Zazzaɓi ya zo ya ƙi tafiya. Numfashi ya koma gajere, haƙarƙari na shiga yana fita, kowane ja sai ka ji shi daga tsakiyar ɗaki. Ta daina datse haƙora ma, ba ta da ƙarfin yi. Sabuwa ta je ofis da safe, aka ce mota ta fita. Ta koma da rana, aka ce a ƙara mata maganin tari. Washegari masu ba da taimako za su zo zagaye, sai aka wanke ɗakin, aka sa wa yara sababbin riguna, ita kuwa Kurciya aka tura gadonta ɗan ɗakin da ake ajiye bokitai, aka ja ƙofa, don kada numfashinta ya tayar wa baƙi hankali. Sabuwa na jin tafi da dariya daga baranda, tana zaune a kan bokiti tana yi wa yarinyar fifita da kwali.

Da baƙi suka tafi ta ari wayar mai gadi ta kira uban.

"Baban Kurciya, jikin nan fa ya yi tsanani. Leɓenta ya canja launi."

"Ina cikin taro yanzu. Ba ku da magani a nan?"

"Asibiti take so."

"To ku kai ta mana! Ba don irin wannan na kawo ta wurinku ba? Ni me na sani a ciki? Zan shigo in na tashi."

Sai da la'asar motar ta samu. Sabuwa ta rungume yarinyar a baya, Sakatariya ta zauna a gaba domin ita ce za ta yi magana da sunan gida. A asibiti aka sa wa Kurciya robar iska a hanci, aka ɗauki hoton ƙirji. Likitar, wata mace mai furfura a goshi, ta daɗe tana duba hoton, sannan ta juyo.

"Wa ke ba ta abinci?"

"Ni ce, likita."

"Nuna min yadda kike yi."

Sabuwa ta nuna: a kwance, da sirinji, a toshe hanci in ta ƙi, a ƙara ruwa in ta ƙware. Likitar ta rufe ido na ɗan lokaci. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi.

"'Yar'uwa, abincin da kike ba ta ba duka ke zuwa ciki ba. Wani yana gangarawa huhu. Yaro irin wannan haɗiya na yi masa wuya, in yana kwance hanyar iska a buɗe take, in abin ya yi ruwa kuma ya fi saurin shiga. Huhunta ya cika, ya ruɓe. Tarin da take yi, da kawar da kai, duk gaya miki take yi."

"Na zaunar da ita sau ɗaya, ta faɗi."

"Akwai yadda ake yi." Likitar ta jawo kujera, ta zaunar da Sabuwa, ta nuna mata a jikinta inda ake tokare ƙugu, yadda ake naɗe tawul a gefe da gefe, yadda ake sunkuyar da haɓa kaɗan. "Abinci da kauri, ƙaramin cokali, ki jira ta haɗiye. In ta gama a bar ta zaune. Wannan a wuni ɗaya ake koya wa mutum. Ba a taɓa tura ku horo ba?"

"An tura," Sakatariya ta amsa da sauri, don kare sunan gida. "Ni na je. An faɗa mana wannan ɗin ma, har da 'yar tsana aka gwada. Rana ta biyu, in ban manta ba."

Sabuwa ta miƙe a hankali. Ta dubi yarinyar nan mai jan farce da jaka mai tambari, wadda ofishinta ke kallon ƙofar ɗakin yara, wadda kullum sai ta wuce keken abinci a baranda.

"Kin sani? Duk kwanakin nan kin sani?"

"To ni a ɗakin yara nake aiki? Ina na san yadda kuke ba su? Kuma ba a sa min rana ba. Kada ki ɗora min, ba ni na riƙe sirinji ba."

Wannan kam gaskiya ta faɗa, kuma ita ce ta karya Sabuwa. Ta koma gefen gado ta durƙusa, ta kama dunƙulallen hannun nan, tana cewa, "Ban sani ba, Kurciya. Wallahi ban sani ba." Yarinyar ba ta buɗe ido ba. Da hantsi washegari numfashin ya tsaya.

Uban ya iso bayan an rufe ta da zani. Ya yi kuka, ba zan ce bai yi ba. Da ya share hawaye ya ce kwananta ne ya ƙare, ta huta, su ma Allah ya ga zuciyarsu. Shugaba ta zo ta yi ta'aziyya, ta ce irin waɗannan yara da ma ba sa daɗewa, gida ya yi iya ƙoƙarinsa. Uban ya yi mata godiya. Uwar kuwa tana ta shafa tabon goshin 'yarta. Aka yi shawarar kada a gaya wa kakar tukuna, saboda jininta.

Sabuwa ba ta wuce gida ba. Ofis ta nufa, wannan karon ba ta durƙusa ba.

"Likitar ta ce za ta zo ta koya mana kyauta. Wuni ɗaya. A fito da kujerun nan, a ƙara mana ko mutum ɗaya lokacin abinci."

"In na kira likita yau, gobe a ce mun amsa laifi," in ji Shugaba. "Mun riga mun shaida wa ƙungiya cewa ma'aikatanmu sun samu horo. Ki bari ƙura ta lafa. Baɗi akwai wani horon, zan duba sunanki."

"Kafin baɗi fa, ranki ya daɗe?"

"Je ki, abinci ya fito."

Ya fito kuwa. Keken na tsakiyar ɗaki, yara na kwance rigingine hagu da dama, wasu sun fara kukan yunwa. Sabuwa ta gaya wa Anti Sauri duk abin da likita ta ce, ba ta rage ko kalma ba. Sannan ta hau gadon farko na layinta, ta tayar da yaron da ke kai, ta jingina shi a ƙirjinta, ta tokare shi da tawul yadda aka nuna mata. Ya zauna daram. Ta ba shi rabin cokali, ta jira. Ya haɗiye lafiya. Abin da sauƙi haka, har ta ji kamar ta kurma ihu.

Tana kan yaro na biyu mai girki ta leƙo ta ce a yi a ba ta kwanukanta. Sauran yaran layin sun gaji da jira, kuka ya cika ɗakin. Can ta hango Anti Sauri tsaye a kan wata ƙaramar yarinya, sirinji cike a hannu, ba ta matsa ba, ba ta kuma ajiye ba.

"Anti, kada ki yi! Ba ki ji abin da na faɗa ba?"

Anti Sauri ta juyo. Tun da Sabuwa ta san ta ba ta taɓa ganin hawaye a fuskarta ba sai yau.

"Na ji. Shekara nawa ina yi, kin san yara nawa suka yi irin tarin nan a hannuna? Na ji, Sabuwa. To ga su nan, ga ni, ga ki, ga mai girki a bakin ƙofa. Ke da kika je kika koyo, zaɓa min. Wanne zan bari da yunwa, wanne zan ba?"

Sabuwa ta bi gadajen da kallo, hagu da dama. Yaron da ke cinyarta ya haɗiye, ya buɗe baki yana jiran wani. Anti Sauri ta jira amsa har ta gaji, ta goge fuska da kafaɗa, ta sunkuya a kan yarinyar.

"Yi haƙuri, 'yata," ta ce, ta toshe mata hanci.